Allurar Wayar Malam

Har yau ina tambayar kaina: wa ya gaya wa mutumin nan cewa Malam ya rasu?

Ni ce fa wadda ba a taɓa sayar wa ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwar Badagishiri ba, ko an ɓoye ta ƙasan buhu. Ina cikin takaba, wayar mijina ke ɗebe mini kewa. Muryarsa na ciki, kullum ina saurare ina kuka.

Ran nan fuskar wayar ta yi ja, tana jiniya kamar motar jandarma. Sai kira ya shigo. Mutum mai ladabi, ya yi mini ta'aziyya cikakkiya, har da addu'a. Ya ce, "Inna, cuta ta shiga wayar. Danna koriyar garkuwar nan, allurar riga-kafi ce."

Wanda ya yi maka gaisuwar mutuwa za ka ƙaryata? Na danna. Na ƙara dannawa don allurar ta kama sosai. Har albarka na sa masa.

Wayar ta ɗauke. Ɗiyata Rabi ta kai ta Konni wurin masu gyara. Wayar ta dawo fes, babu ko tarin Malam a ciki.

"Inna, ke da ko akuyarki kin hana a yi wa allura!" in ji Rabi.

Yanzu maƙwabta Likita suke ce mini, har kaji suke cewa za su kawo. Ina dariya, hawaye na zuba. Don ranar da za a tafi da Malam asibiti, da ya miƙo mini wayar, cewa ya yi, "Tsohuwa, kada ki danna komai sai na dawo."