Rasuwar Ɗan Tsegumi, Agogon Zuciyar Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Kafinta na bakin layi yake sanar da dangi da abokan hawan keke rasuwar agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya, wanda a gida ake kira Ɗan Tsegumi.

Marigayin ya shigo gidan ne bayan wan Kafinta ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar hira, bai ƙara tashi ba. Likita ya duba ƙanen, ya ce ya rage gishiri, ya nemi keke. A shagon kekuna aka ajiye masa abu biyu: mitar da ake ɗaurawa a hannun keke, mai faɗin gudu da nisan tafiya, da wannan agogo mai ɗamara a ƙirji. Ɗansa ya so mita, don a samu abin alfahari. Kafinta ya ce shi ba tsere ya fito ba, mutuwa yake gudu.

Marigayin ya yi hidima da amana. Ya sha gumi da garin katako bai taɓa ƙorafi ba. In tafiya na daidai, ƙit, ƙit, a hankali. In Kafinta ya zaƙe zai wuce matasa a kan tudu, sai ya ware murya, tiii, tiii, ya tona shi a gaban jama'a.

Ciwon ajali ya fara ne da sambatu. Kafinta na zaune yana goge ƙafar kujera, agogo ya kama ihu. Lambar bugun ta haura, ta faɗo, ta yi tsalle. Aka sauya batir, aka wanke ɗamara, bai daina ba. Kafinta ya tuɓe shi da kansa, ya shaida wa gida cewa rai ya yi halinsa. Tun ranar yake cewa da ma mitar ya saya, ita ba ta leƙa cikin mutum.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tayar da zancen abin da babbar 'yarsa ta yi. Ta ɗaura gawar a ƙirjinta, gawa ta ƙirga daidai, ba gargada. Ta ɗaura wa mijinta, haka nan. "Baba, lafiyarsa ƙalau fa," in ji ta. Kafinta ya ɗauki zarto, ya shiga yankan katakon akwati. Tsoro ne ya kama shi, kuma kowa ya gani. Ko matakalar shago yanzu sai ya tsaya ya saurari ƙirjinsa kafin ya taka.

Marigayin ya bar keke guda, tayoyinsa sun sace a jikin bango, da uwar yaran Kafinta, wadda ta gaji aikinsa, tana kama wuyan hannun mijinta kamar da wasa alhali leɓɓanta na ƙirga.

Kafinta ya so a binne yau, a bayan shago, ba tare da taro ba. Iyali sun ɗage zuwa gobe da hantsi. Za a ɗauki mamacin da mai makokin a mota ɗaya, a bi da su ta asibiti. Ba za a buga wa akwatin ƙusa ba sai likita ya faɗi wanda ba shi da lafiya a cikinsu.