Littafin da Na Ɗinka da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ƙarshen shekarar nan ba, kuma ko ni na manta, matan unguwarmu ta Sabo ba za su bar ni ba.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyarmu ta karatu, duk matan aure, kowace da 'yar sana'arta a cikin gida. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata muke haɗuwa bayan la'asar a tsakar gidan Hajiya Laraba, mu yi musayar littattafan Hausa. Na san yanzu kowa a waya yake karatu, amma mu takarda muke so, wadda za ki riƙe da hagu kina juya miya da dama. Mijin Hajiya Laraba albasa yake kawowa kasuwar Shasha, nan kudu, daga arewa, shi yake sa a cusa mana littattafan cikin kaya. Shi ya sa duk littafin da ya zo hannunmu, ko na soyayya ne, warin albasa yake yi.

Ni ce mai riƙon akwatin littattafan. Na farko ina da keken ɗinki, na biyu na yi kwalejin ilimi kafin aure (ban gama ba, amma ba kowa ya san wannan ba). Littattafan kashi-kashi suke zuwa, na ɗaya daban, na biyu daban, ni ke haɗa su in ɗinke, in yi musu bango da tsohuwar kalanda. Daga nan aka fara ce mini Malama, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Duk ƙarshen shekara kowace takan tashi ta faɗi littafin da ya fi burge ta, sannan a sake zaɓen mai akwati. Shekara uku babu wadda ta ja da ni. Ina son akwatin nan, ba zan ɓoye ba. Ni ke fara karanta komai, ni ke cewa wance ta ɗauki wannan, wance kuma wancan ya fi ƙarfinta.

To da damina sai ruwa ya daki motar albasa a hanya, tamfol ya yage. Littattafai guda huɗu aka kawo mini, sun jiƙe sharkaf, bango da shafukan farko duk sun dame. Na shanya su a tabarma kwana biyu. Na san labari biyu ne, kowane kashi biyu, amma babu suna, babu lamba. Mai hankali sai ta zauna ta duba. Ni kuwa na dube su daga tsaye, na ce waɗannan biyun tsawonsu ɗaya, na haɗa na bi da keke. Na riƙe ɗaya, ɗayan na aika wa Iya Basira.

Iya Basira Bayarabiya ce 'yar unguwar Mokola, aure ya kawo ta Sabo, alala take yi ta sayarwa. Da girmanta ta koyi karatun Hausa, har yau da yatsa take bin layi.

Nawa littafin ya fara da wata yarinya Hindatu, mai ɗinkin hula a wani ƙauye kusa da Gumel. Yayanta ya tafi birni neman aiki, shekara biyu ba labari. Ta sayar da akuyarta, ta shiga motar Kano za ta nemo shi. Mota ta tashi, kashi na ɗaya ya ƙare. Na juya shafi, sai ga ni a kotu a Kaduna, wata Barista Saratu tana gyara baƙar riga, tana da miji da 'ya'ya uku.

Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "Allahu Akbar, marubuciyar nan ta iya!" Nan take na gane komai da kaina: shekara ashirin aka tsallake, Hindatu ce ta yi karatu ta sauya suna don ta binne baya. Har littafin ya ƙare ba a sake ambaton yayan ba, na ce ai ciwon ne ya fi ƙarfin baki. Akwai inda Barista ta tsaya a taga ta yi ajiyar zuciya, na yi kuka har na ɓata lesin da aka kawo mini ɗinki. (Daga baya na gano kuɗin makarantar yara take tunani.) Na ɓoye littafin a ƙarƙashin atamfofi, don kada wata ta riga ni kawo shi taron ƙarshen shekara.

Bayan mako biyu Iya Basira ta shigo, ina kan keke.

"Malama, e jo, don Allah, littafin nan bai zauna mini ba o. Rabin farko daban, rabin ƙarshe kuma..."

Ban bari ta ƙarasa ba, ban ma ɗaga kai ba. Na ce, "Iya, wannan shi ake kira adabi. Hausar littafi ba irin ta cinikin alala ba ce. Ki koma ki karanta a hankali."

Ta ce, "To, Malama," ta tafi da abinta.

Ranar taro na ci kwalliya, na rubuto jawabi shafi huɗu. Aka baza tabarmi, ga zoɓo, ga dambun nama, ga alalar Iya Basira. Hajiya Laraba ta ce nata gwanin shi ne na wani direban tirela da ya yi rantsuwa ba zai sake ƙarya ba har wata guda. Maman Ummi mai kayan yaji ta zaɓi wani don kawai an koyar da miyar zogale a ciki. Ina zaune ina murmushin tausayi, irin na wadda ta san abin da ta taho da shi.

Da aka zo kaina na miƙe, na ɗaga littafin sama. Na ce bana na karanta sun fi ashirin, amma wannan ba na kowa ba ne, sai mai zurfin tunani. Na ba da labarin Hindatu da akuyarta. Na sassauta murya na ce, "Sai marubuciya ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Ba ta ce mana komai ba, ta buɗe mana kotu kawai. Mai ƙaramin sani zai ce wata mata ce daban. A'a! Hindatu ce!" Wallahi har Maman Ummi ta share ido da gefen mayafi.

Sai na ga Iya Basira ta ɗaga yatsa kamar 'yar aji ɗaya.

"Malama, Baristan nan, abi Saratu ce? Mijinta mai shagon taya?"

Na ce, "Ke kuma ina kika san ta?"

Ta buɗe jaka ta zaro littafinta, bangon kalanda irin nawa sak, ɗinkin kekena ne a jiki. "Tun tana firamare nake tare da ita. Babanta ɗan sanda ne a Kaduna. Ba ta taɓa zuwa Gumel ba o, akuya ma tsoronta take ji." Ta buɗe tsakiya ta dafa yatsa. "Hindatu taki kuma tana nan wurina. Ta sauka lafiya."

Duk aka juyo ana kallona. Hajiya Laraba ta ce, "Karanto mana, Iya."

Ta karanta, a hankali, kalma bayan kalma. A shafi na uku Hindatu ta ga yayanta. A tasha. Yana zaune a benci yana shan rake.

Maman Ummi ce ta fara fashewa, har zoɓo ya sarƙe ta. Hajiya Laraba ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa, ɗankwalinta ya yi gefe. Wata tana cewa, "Yayan da muka yi wa kuka! Rake yake sha!" Ni kuwa ina tsaye cikin kwalliyata, littafi a sama, saura shafi biyu na jawabi. Na rasa yadda ake sauke hannu.

Da dariyar ce kaɗai da na shanye. Amma da aka lafa sai Iya Basira ta ce, ba da faɗa ba, "Sau uku na karanta shi, Malama. Har na ce wa baban Basira ya daina yaba Hausata a gaban mutane, ashe ban iya ba."

Wannan ta shige ni fiye da duk dariyar. Wata biyar matar nan tana zargin kanta, alhali ita kaɗai ce a cikinmu ta karanta abin da ke rubuce. Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini. Ta kama hannuna ta ce, "Ko buru, ba komai, tashi, za ki ɓata lesinki."

Aka yi zaɓe. Hannu goma suka tashi wa Iya Basira, har da nawa (na ɗan makara, amma ya tashi). Ni aka bar mini ɗinki, da sharaɗin sai ta duba kafin in taka keke.

Na warware littattafan na sake haɗa su daidai, na karanta kowane. Tsakani da Allah, nawa ya fi daɗi, amma na daina faɗa. Abin da na koya dai shi ne, duk ranar da wani ya ce mini "ban gane ba", kafin in duba kansa sai in fara duba ɗinkina.