Bernadine, Jirgin Fiton da Kawaici Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da rigar sanyi mai cike da warin baƙin mai, Kyaftin Lorene Vandersnick ta birnin Galbraith take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka taɓa yin amai a bayan jirgi suka ɗora wa kogi laifi, rasuwar abar ƙaunarta Bernadine, jirgin fiton da ya haɗa Galbraith da Port Amsel tun kafin wasunku su yi haƙori. Rai ya yi halinsa a cikin sanyin bana, ƙarƙashin shuɗin tamfol, a bayan garejin Duane Rohlf da ke tsallaken kogin Mississippi. Ba wanda ya san takamaimiyar ranar, domin marigayiyar ba mai ɗaga wa mutane hankali ba ce.

Masu karanta wannan sanarwa a jaridar Port Amsel za su ga sunan garinsu ne a gaba. Da gangan aka yi, don kada makoki ya koma rigima.

Bernadine ta zo mana ne a shekarar da aka rufe tsohuwar gada don gyara, lokacin da ma'aikatan masana'antar tarakta ke kwana a wancan gefe suna neman abinci a wannan. Aminai biyu ne suka sayo ta hannun wani masunci daga can gangaren kogi: marigayi Wendell Vandersnick, mijin Lorene, ɗan Galbraith, da Duane Rohlf, ɗan Port Amsel. An so a raɗa mata sabon suna. Galbraith ta kawo nata, Port Amsel ta kawo nata, aka yi ta zama ana tashi baram-baram, har aka haƙura aka bar ta da sunan da ta zo da shi. Yau ba mai iya faɗa maka wace ce Bernadine ta asali, kuma wannan ne kaɗai ya sa garuruwan biyu suka yarda da ita.

Tun daga nan komai nata raba daidai ake yi. A haƙarƙarinta na hagu an rubuta Galbraith kafin Port Amsel, a na dama an juya. Wendell ya riƙe sitiyari, Duane ya riƙe inji. Da Wendell ya riga mu gidan gaskiya, ko mako ba a rufa ba Lorene ta sauko bakin ruwa da hularsa a ka, ta tsaya a inda yake tsayawa. Duane bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai kuma tambaye ta ko ta iya ba. Washegari dai ta tarar da akwatin lemo a kife gaban sitiyari, saboda ita gajeruwa ce, ba ta hango hancin jirgin. A kan wannan akwati ta yi kyaftin fiye da shekara ashirin, kuma har yau ba ta yi masa godiya ba, don ta san kunya za ta sa shi.

Marigayiyar mai haƙuri ce, amma ba za a yi mata ƙarya don ta mutu ba: ba ta son sammako. Kowace safiya sai ta yi tari, ƙuhu, ƙuhu, ta yi shiru kamar ta fasa, Duane ya shafa mata murfin inji yana cewa, “Haba 'yar tsohuwa, yau ma sai an roƙe ki?” Sannan ta saki tuf-tuf-tuf ɗin nan nata, wanda matan bakin kogi ke ɗora tukunyar kofi da shi. Ba ta taɓa yin gudu ba. An taɓa ganin agwagwa ta wuce ta da 'ya'yanta a baya, kuma ba ta ji haushi ba. Ta ɗauki amare da 'yan makaranta da masu kekuna, ta ɗauki 'yan kallon ƙwallo masu tafiya da waƙa su dawo ba mai cewa uffan. A shekarar babbar ambaliya ta yi jigilar buhunan yashi har fentinta ya goge, ta kuma tsallakar da molon coci da tsohuwar da ke kaɗa shi, wadda ta ce in ba tare ba, a bar su su nutse tare.

Sai ƙahonta. Duk wanda ya girma a bakin kogin nan ya san wannan ɓuuu-wap, mai kama da kukan saniya mai mura. Ƙaho ne na da, mai aiki da famfon hannu: famfon yana ƙasa wajen inji, igiyar tana sama wajen sitiyari, don haka mutum ɗaya ba ya iya busa shi. Kafin kowane tashi sai Lorene ta leƙa ƙasa ta ƙwala kira, “Iska, Duane!” Shi kuma daga cikin hayaƙi ya amsa, “Wadda kike yi da baki ba ta ishe mu ba, Kyaftin?” Sai ya buga, ta ja. An sha kawo musu shawarar sa na lantarki, su biyun suka ce za su duba, ba su duba ba.

Da aka sake buɗe gada, fasinjoji suka watse kamar an kore su. Mutanen da Bernadine ta yi wa rana suka koma wucewa ta samanta cikin motoci, wasu har da ɗaga hannu. A ranar Lorene ta rantse a gaban jama'a cewa ƙafarta ba za ta taɓa taka wannan gada ba, kuma duk taurin kan da aka san mutanen Galbraith da shi, ita ta fi su. Likitan haƙori ma sai da ta sauya don nata na tsallake ne. In jirgi yana hutu kuma dole ta haye, ƙaramin kwale-kwalen kamun kifi na Wendell take turawa.

Game da ciwon ajali, Kyaftin ta ce a bayyana shi yadda yake, don ta gaji da jin ana raɗa a bayanta wajen taron cin soyayyiyar tarwaɗa na ranar Juma'a.

Kowa ya san al'adar. In sanyi ya kawo jiki ana fitar da Bernadine daga ruwa, bana ta kwanta a wannan gefe, baɗi a wancan. Wanda ta kwanta a gefensa shi ne mai masauki, nasa tamfol da kulawa. Ɗayan kuma shi zai tsallako, kafin ƙanƙarar farko, ya tsiyaye ruwan cikin inji ya zuba maganin hana daskarewa, don kada a ce gari ɗaya ne ya yi komai. Bara a Port Amsel ta kwanta, Lorene ta tsallaka ta tsiyaye. Bana layin Galbraith ne, sai ga gangaren da ake jawo jirgi ta kansa a can ya zabtare, dole aka sake kai ta bayan garejin Duane.

Nan lissafi ya rabu biyu. Duane ya ce a ransa, tana gefena, ni ne mai masauki, tsiyaya ta Lorene ce. Da bai gan ta ba, ya ɗauka ta zo ranar da ya kai 'yarsa filin jirgin sama, tunda ta san inda makulli yake. Lorene kuma ta ce a nata ran, ni na yi bara, bana ta Duane ce, ga shi ma inji a ƙofar gidansa. Kowannensu da gaskiyarsa. Kuma kowannensu zuciya ta ɗan yi masa tsam, amma ku da kuka san mutanen kogin nan kun san ba a tambayar mutum ko ya yi aikinsa. Gara ka taka masa kare.

Duk Lahadi bayan coci suna waya, kamar yadda suka saba in kogi ya daskare. Lorene ta ce, “Sanyin bana da ƙarfinsa ya zo.” Duane ya ce, “Sosai kuwa. Irinsa ne ke fasa inji in ba a kula ba.” Ta ce, “Ai kam. Allah ya sa mu masu kula ne.” Ya ce, “Ai shi ne.” Kowa ya ajiye waya da murna, yana ganin an ba shi amsa. Ta aika masa kek ɗin tuffa lokacin Kirsimeti, ya aiko mata busasshen naman barewa. Duk wannan lokaci Bernadine tana kwance da ruwan kogi a cikinta, ba ta da bakin magana.

Da rana ta fara ɗumi Duane ya yaye tamfol, ya tarar inji ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannu zai shiga. Irin injinta an daina yi tun tuni. Ya kira waya ran Talata, abin da bai taɓa yi ba.

“Kyaftin, ta fashe.”

“Wa ya fashe?”

“Da ruwa a cikinta, Lorene.”

Ta ce, “To.” Ya ce, “To.” Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, waya ba ta yi ƙara a ko wane gida ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar bencuna masu ɗauke da sunayen masoya, waɗanda yawancinsu sun auri wasu daban. Ta bar rigunan ceto da ba su taɓa jiƙewa ba, abin da Kyaftin ke alfahari da shi fiye da jikokinta. Ta bar akwatin lemo, da ƙaho lafiyarsa lau, da tsuntsayen kogi da har yanzu ke taruwa a mashiga da safe suna jiran ɓawon burodi. Ta bar gada, wadda ba a gayyata ba. Ta kuma bar Duane Rohlf. Kyaftin ta ce kada a sa sunansa a nan, an cire, ta dawo ta ce a mayar, ta tsaya tana kallon taga har kofinta ya huce.

Ita ba za ta faɗa ba, don haka za a faɗa mata. Ba injin take wa kuka ba. Tun da Wendell ya tafi, babu safiyar aiki da ba ta sha kofi da Duane ba, ita da baƙi, shi da sukari kamar ƙaramin yaro, suna zagin hasashen yanayi. Ba su taɓa kiran wannan abu da suna ba, jirgi ne ke haɗa su kawai. Yanzu jirgi ya tafi, ita tana kewarsa, tana kuma tsoron kada a binne abu biyu a rana ɗaya. Allah ya ba gari biyu haƙurin wannan rashi, ya ba wasu tsofaffi biyu sauƙin kai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan garejin Duane Rohlf, wanda yanzu yake jin labari tare da ku. Mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da yamma, an roƙe shi ya tsaya nesa har a watse. Za a raba bencuna tsakanin garuruwan biyu, in ɗaya ya yi saura a tsaga shi. Ba a buƙatar furanni. Mai son kawo abinci ya kawo, amma ya rubuta sunansa a gindin faranti, kada a sake samun wani abu da kowa ke zaton na ɗan'uwansa ne.

Kamar yadda kuke gani, kogi cike yake da fasasshiyar ƙanƙara, kwale-kwale ba zai shiga ba. Saboda haka Kyaftin Lorene Vandersnick za ta zo ta kan gada, a ƙafa, da hular Wendell, da butar kofi da kofuna biyu. Ana roƙon masu motoci kada su yi mata hon, kada su ɗaga hannu, kada ma su nuna sun gan ta.

Kafin a rufe tamfol za a busa ƙaho busar ƙarshe. Kyaftin za ta hau akwatinta ta kama igiya. Tunda rashin tambaya ne ya kawo mu nan, ta ce a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jaridun biyu, da bakinta: “Duane, za ka buga min iska?”

Ta ce ba sai ya kira waya ba. In e ne, ya san inda famfo yake. In a'a ne, za ta ja igiyar duk da haka, gari biyu su ji shirun.