Unguwar da Ta Fi Kowa Tsimin Wuta

Allah ya yi wa yankinmu gata da ya ba mu Daraktan Tsara Wutar Lantarki, wanda ma'aikatansa ke kira Kashe-Ƙwai a bayan idonsa. Mutum ne mai kishin tsimi. In ya shiga ofis ya tarar da ƙwan lantarki a kunne, da hannunsa mai albarka yake kashewa, bayan an kira mai hoto. Na'urorin sanyaya ɗakinsa guda uku kuwa ba ya taɓa su, don ƙwaƙwalwar da ke tsara wa yanki wuta ba ta son zafi.

Abu ɗaya ke ci masa rai: kujerar Babban Darakta da za ta zama fanko. Sai ya ƙirƙiro gasar unguwar da ta fi kowa tsimin wuta, ya gayyaci Minista ya zo ya ga aiki da idonsa. Aka duba mitoci, aka sami wata unguwa da nata ko motsi bai yi ba duk shekarar. Da ya ji can gwaggonsa take, farin ciki ya kusa kashe shi.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jawo janareto don lasifika. Kashe-Ƙwai ya gyara tsayuwa a gaban Minista.

"Ranka ya daɗe, wannan ba sa'a ba ce, tsari ne! Ni na wayar musu da kai. Tsimi a jininmu yake, ga gwaggona nan shaida."

Aka miƙa wa tsohuwa kambun gasar, aka kara mata lasifika a baki. Ta yi murmushi, ita da gaske godiya ta zo yi.

"Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Tun bara da ya turo a cire taransifomarmu a kai layin gidansa, ya ce aro ne, ko sau ɗaya ba mu kunna komai ba. Ɗana, in kun gama da ita, a taimaka a dawo mana, firijina ya zama ma'ajiyar takalma."

Kashe-Ƙwai ya so ƙasa ta tsage ya shige. Minista ya dube shi, ya tashi ya nufi mota. Kujerar dai wani aka ba. Shi kuwa aka tura shi sabon ofishi a tsakiyar unguwar, ya ci gaba da wayar da kai.