Yadda Za Ka Gano Inda Surukinka Yake Tsinko Lemar Kwaɗi

Ɗan'uwa, bi matakan nan kada ka tsallake ko ɗaya, ni kuwa na ɗaukar maka alkawari kafin watan Mayu ya fita za ka san inda surukinka yake samo lemar kwaɗinsa, wannan mai kai kamar saƙar zuma da ke zautar da mu mutanen jihar Missouri ta Amurka kowace shekara. Ban yi makarantar abin ba. Zaman baranda na yi da dogon tunani, kuma a kan idona aka yi tsakanin maƙwabcina Lonnie Pruitt da surukinsa tsoho Merle Haskins. Gwiwar Merle ta fara ƙi, kuma bai taɓa gaya wa kowa wurin ba, har 'yarsa Darlene, matar Lonnie. Duk ranar da ya kwanta dama, wurin zai bi shi kabari. Abin da ya hana Lonnie sakat ke nan.

1. Kada ka tambaya

Lonnie ya tambaya.

"Baba, wai a ina ake samunta?"

"A daji."

"Wane dajin?"

"Mai bishiyoyi."

A garin nan dattijon coci zai ara maka motarsa, ya ba ka jininsa a asibiti, amma a kan lemar kwaɗi zai dube ka ido cikin ido ya sharara maka ƙarya. Na daɗe ina juya wannan a raina: ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce, ana rubuta wa mutum zunubinta? Har yau ban gama ba.

2. Jira lokaci

Masana za su ce sai ruwan Afrilu ya sauka, ƙasa ta yi ɗumi, ganyen bishiya ya kai girman kunnen ɓera. Rabu da su. Surukinka za ka sa wa ido. Ranar da ya ce, "Bana kam babu komai," alhali takalminsa duk taɓo ne, ta fito.

3. Bi shi

Cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. Ɗauki buhun albasa mai raga. Ajiye mota nesa. Lonnie ya yi duk wannan, ya dinga laɓewa bayan bishiyoyi da tumbinsa, yana jin kansa damisa. Tsohon yana tafe sannu-sannu, yana tari, yana tsayawa a kowace kwana. Lonnie ya ce a ransa: tsufa bai yi ba.

4. In kun iso shingen waya, ajiye lamirinka a nan

Merle ya tsaya a bakin shingen gonar Verna Stoltz, gwauruwar da suke zama benci ɗaya da ita a coci. Ita ce wadda yake gayyata kowace shekara ta ci soyayyar lemar kwaɗi a gidansa, saboda tausayi, don kullum kuka take gonarta ta daina fitar da lemar. Ga matattun bishiyoyinta can ƙetaren waya, ɓawonsu na zubewa, ga lemar nan a gindinsu ta yi tsaitsaye kamar taron jama'a.

Lonnie ya leƙo daga bayan bishiya. Ya zo satar gado, ashe gadon ma na sata ne. Nan ma akwai abin tunani: wanda ya yi wa ɓarawo sata, ɓarawo ne ko ɗan sanda? Sai dai kada ka yi tunanin a tsaye, kaska ba ta jiran mai nazari.

5. Idan aka kama ka, ka yi gaisuwa

"Fito, Lonnie," in ji Merle, ko waiwaye bai yi ba. "Bishiyar nan ba ta kai faɗinka ba."

"Ina kwana, Baba. Barewa nake dubawa."

"Da buhun albasa? Yaro, tun daga bakin titi nake jin nishinka. Sau nawa na tsaya jiranka, kana ta ɓacewa kamar ɗan maraƙi."

"Baba, ai gonar Inna Verna ce."

"To, je ka gaya mata. Sai ka koma cin ta kanti, wadda ke ɗanɗanon soso." Merle ya taka wayar ƙasa, ya ɗaga wayar sama. "Ƙafata ta daina hawa wannan. Kana tsammanin don kyawunka na bari ka biyo ni? Shiga. Yanke da wuƙa, kada ka tumɓuke, kuma ka bar mata kaɗan, mu ba azzalumai ba ne."

Lonnie ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa. Shawarar ba ta yi tsawon tari ɗaya ba.

6. Soya shaidar

Tsaga kowace a tsaye. Ta gaskiya cikinta fayau yake, babu komai, kamar alkawarin ɗan siyasa. Wadda ka ga cikinta cushe, jefar. Jiƙa cikin ruwan gishiri ƙwari su yi ƙaura, tsane, birkiɗa cikin fulawa, sannan man shanu a kaskon ƙarfe, ba rowa. Kada ka ci ɗanya, sai in kana marmarin wuni a banɗaki.

7. A tebur, ka amsa kamar ɗan gida

Verna ta zo da yamma, ta ci faranti biyu, ta goge baki.

"Merle, ɓarawona ya yi sabon takalmi bana. Sawun ƙafa a gonata kamar kwale-kwale." Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗan jima a can. "Gara haka. Na dā ya fara jan ƙafa, ina ta fargabar in wayi gari in tsince shi rataye a wayata. Ni da ciwon bayan nan, wa zai tsinko mini, wa zai soya mini?" Ta juyo. "Kai mijin Darlene, an ce kai ka ɗauko buhu yau. A ina kuka samo?"

Darlene ta ajiye cokali tana jira. Merle ya duƙufa a farantinsa. Lonnie ya haɗiye lomarsa.

"A daji, Inna."

"Madalla," in ji Verna. "Ƙaro mini."

Tsame hannu

Mai wannan rubutu bai san shingen kowa ba. In kaska ta kama ka, ko kare, ko mai gona da bindiga, tsakaninku. In ka ci lemar da ba ka sani ba don kawai ka karanta ni, kada danginka su zo mini baranda. Wanda kuma ya tambaye ni inda gonar Verna take, tana daji.