Bizar da Na Ɗinke Cikin Laya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka farke layata a tashar Tawa, gaban dangi da 'yan kallo. Har yau in na bi ta wurin sai in ji wuyana ya yi nauyi.

Shekarar fari ce, zamanin soja. A garinmu, can gefen Kalfu, gero ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, samari kuwa kowa ya kama hanya, wasu kudu wasu arewa. Ni arewa na nufa, Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, inda aka ce ana aikin gini. Yawancin mutanenmu ta bayan fage suke shiga, amma ni na ce sai da takarda, don ni mai wayo ne (ku riƙe wannan kalmar, za ku buƙace ta nan gaba). Innata tana da saniya ɗaya da ta rage, ja, irin ta Azawak, wadda nononta ne ke riƙe da gidanmu. Ita ce Inna ta kwance da hannunta aka kai kasuwar Tawa, don in yi fasfo da biza in je in aiko da hatsi.

Na je Yamai, na sha layi, aka buga mini tambari. Mutumin da ya miƙo mini fasfon ya yi bayani da sauri ta bakin tafinta, na tsinci "wata uku", na tsinci "wata ɗaya", sauran ya bi iska. Ban yi lakwal ba, wato boko, kuma ban tambaya ba, don kada a gane baƙauye ne. A hanya na yi wa kaina fassara. Wata uku dai shi ne zamana a can, wata ɗaya kuwa ƙari ne in mutum ya yi ladabi. Lissafin kuma ba zai fara ba sai ranar da na taka ƙasarsu, tunda a wurinmu baƙo daga ranar da ya sauka ake ƙirga masa kwana. Wa zai ƙirga wa baƙon da bai iso ba?

To, ku da ba ku ga zamanin ba, sai na faɗa muku yadda muke. Ko da akuyarka za ka yi magana sai ka waiga. Ana cewa gwamnati na da kunne a kowace majalisa, kuma mai shirin tafiya arewa shi aka fi sa wa ido. Ga kuma tsoron bakin mutane, wanda ya girmi soja. A garinmu mai tafiya ba ya faɗin ranar tashinsa, sai dai a wayi gari a ga ba shi. Ni kuwa na haɗa tsoron biyu na ɗora wa kaina, har na zarce kowa.

Ina isa Tawa na wuce wurin baduku na ce ya ɗinke mini fasfon cikin jar fata, kamar laya. Ya juya shi, ya ce bai taɓa ɗinka laya mai faɗin tafin hannu ba. Na ce maganin ciwon ƙirji ne. Ya ɗinke ta ruf, ya sa igiya, na rataya ƙarƙashin riga. Ko wanka zan yi sai na rataye ta inda idona ke kai.

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakat, mijin yayata. Ma'aikacin asibiti ne da aka turo Tawa daga Damagaram, muna ce masa Likita. Yana da mobilet, ɗan ƙaramin babur, yana da rediyo, yana jin Faransanci, jandarmomi kuma na gaishe shi a hanya (daga baya na gane allura yake yi wa 'ya'yansu). A idona wannan duk shaida ce. Baƙo, mai albashin gwamnati, mai yawan tambaya, me ya rage?

Duk zuwan da zan yi gidansu sai ya ce in kawo takardar ya duba. Wai akwai kwanan wata a jiki, wai biza iri-iri ce. Ni kuwa ina jin haka sai in ce a raina, kwanan wata kake so ka kai musu ko? Wata rana in ce na bar ta gida, wata rana in ce tana wurin kawuna. Da ya matsa sai na ce ai ban ma samu bizar ba, alhali ga ta tana yi mini zufa a ƙirji. Yayata ta yi mini faɗa, na ce lallai ita ma an saye ta da shinkafa.

Haka na zauna ina ɓoyo. Aka yi ɗan yayyafi, na ce bari in sake shuka ko Allah zai sa a dace, bai yi ba. Na je wurin malam ya duba mini ranar sa'a, ya ce watan nan da nauyi, in bari ya fita. Da ya fita kuma sai na ji an kama wasu a hanyar Agadas, na ce a bari ƙura ta lafa. Ban damu ba ko kaɗan, tunda a lissafina bizar na nan sabuwa fil cikin fata, ba abin da ya taɓa ta. Inna dai tana ta dafa ganye, in ta wuce turken saniyar kuwa sai ta kau da kai.

Ranar da malam ya zaɓa ta zo. Na fito a ɓoye, a tunanina. Ina isa tasha na tarar da rabin garinmu, har da wasu tsofaffi daga Barmu da ban taɓa gani ba, kowa da saƙon da zan kai wa ɗansa. Wannan kilishi, wannan cuku, wannan garin magani. Ashe sirrin nawa ni kaɗai nake ɓoye shi. Na ji haushi, amma fa na ji daɗi, don ana ta ce mini ɗan Aljeriya, ni kuma ina gyara rawani.

Kafin a hau babbar motar Agadas, wani jandarma ya zo duba takardun masu wucewa arewa. Da ya iso kaina ya ce fasfo. Na dafa ƙirji na ce yana nan. Ya ce in fito da shi. Na zaro layar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya aika aka aro wuƙa wurin mai tsire. Haka aka yi wa layata fiɗa a gaban jama'a, fasfon ya fito ya lanƙwashe yana warin fata.

Ya buɗe, ya duba, ya ce da Hausarsa ta mutanen yamma, "Bizarka ta mutu tun kafin Salla."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya za ta mutu? Ko sau ɗaya ban taɓa ta ba."

Wallahi har direba sai da ya sauko don ya yi dariya da kyau. Jandarman ya yi mini bayani kamar mai koya wa yaro cin tuwo. Wata ukun nan wa'adin shiga ne, tun ranar da aka buga tambari yake tafiya, ko kana Kalfu kana barci. Wata ɗaya shi ne iyakar zaman da aka yarda mini, shiga kuma sau ɗaya tak. Wato ko da na tafi a kan lokaci, aikin shekara da na tsara ba ya cikin takardar.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai na ji ƙarar mobilet, na waiga, ga Likita yana kutsowa da ƙunshi a hannu. Kaina ya yi zafi, na ga ai magana ta fito. Na nuna shi da yatsa na ɗaga murya na ce, "Ga wanda ya kai ni ƙara nan! Tun yaushe yake bibiyar takardata!"

Likita ya tsaya, ya dubi yatsana, sannan ya kwance ƙunshin a hankali. Ƙwayoyin zazzaɓi ne da na gudawa, da ɗan sukari, ya kawo mini guzurin hanya.

Jandarman kuma sai ya ɗauki irin nawa halin ya juyo da shi kaina. Ya ce mutumin kirki ba ya ɗinke fasfo cikin fata, kuma wace ƙara nake tsoro in ba ni da abin ɓoyo? Ya ce in wuce ofis. Likitan nan da na gama tozartawa shi ya bi mu, ya yi ta Faransanci, ya tsaya mini. Ban ji abin da ya ce ba sai kalma ɗaya da ya maimaita yana taɓa gefen kansa da yatsa, jandarman na gyaɗa kai cikin tausayi. Ban taɓa tambayar ma'anarta ba, na san dai ba yabo ba ne.

Da muka fito sai na bi tsofaffin Barmu ɗaya bayan ɗaya ina mayar musu da kilishinsu. A kan mobilet ɗin Likita na koma, ina riƙe da ƙugunsa har muka kusa gida. Ya ce, "Ƙanena, da ka ba ni ita ko na minti ɗaya ne, da yanzu kana can."

Inna na same ta zaune kusa da turke. Labari ya riga ni isowa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta karɓi fatar da aka farke, ta juya ta, ta miƙo mini ta ce, "Ɗaura ta ga turken, ko za ta ba mu nono da safe."

Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Hatsin da muka ci har damina ta zagayo daga gidan Likita ya riƙa fitowa, a bayan mobilet ɗin da nake zargi. Har yau a Kalfu ɗan Aljeriya ake kirana, jikokina ma sun ɗauka na taɓa zuwa. Tun daga ranar, duk takardar da aka ba ni, ko ta maganin tari ce, ba na barin wurin sai an karanta mini ita sau biyu da ƙarfi, kowa ya ji. Saniyar Inna dai ba ta dawo ba.