Aminin Ba Modu

Sati uku da tafiyar matata Hadiza Kano wankan gida, na sayi 'yar rediyo mai abin sawa a kunne, wai zan riƙa sassarfa da safe in rage tumbi. Kewa kuwa, na ce ba ta kayar da namiji irina.

Ina ratsa unguwar Hausari sai aka sako waƙar da aka yi mana ranar biki. Sassarfa ta koma tafiya, hawaye shaɓe-shaɓe, ban lura na shigo tsakiyar masu zaman makoki ba.

Wani dattijo ya riƙo hannuna ya zaunar da ni kan tabarma. Na zare abin kunnen.

"Sai haƙuri, ɗana. Ko 'ya'yan Ba Modu ba su yi wannan kuka ba. Yaya kuke da marigayin?"

Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce, "Aminina ne."

Kwana uku ina zuwa karɓar gaisuwar mutumin da ban taɓa gani ba.

Hadiza ta dawo tuni, labarin kuma ya kai kunnenta. Har yau in na ɗauki rediyon sai ta ce, "Aminin Ba Modu, yau a wace unguwa aka yi rashi?"